A ware wa masu keken guragu wuri a bas

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A Ingila, rigimar keken jarirai da keken guragu a cikin bas har kotun ƙoli ta kai. A 2017 kotun ta ce roƙo kawai bai wadatar ba, sai direba ya matsa wa wanda ya tare wurin da aka ware wa keken guragu ya tashi.

Mu nan Kano mata goyo suke yi, buhunan kaya ne ke cinye wurin. Daga Bata zuwa Kabuga, wane kwandasta ne zai tsaya ɗora keken gurgu? Alhali dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta haramta nuna wa naƙasassu wariya. Don Allah gwamnati ta tilasta ware musu wuri kusa da ƙofa.

Naka,
Mai karatu daga Fagge