Wasiƙa zuwa ga ɗiyata kan katifar ɗakinta

Argungu, Jihar Kebbi

Assalamu alaikum Mamana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da innarki da duk mutanen gidan. Mahaifiyarki ta nuna mini hotunan katifar lateks da kika turo mata ta WhatsApp, ta ce ranki ya kwanta da ita har kina so a rage wasu kayan jere a cika kuɗinta. Ban ƙi ba. Maganar ce na ga ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na rubuto miki. Ki karanta a natse kafin a tura wa kowa ko sisi.

Katifar lateks ta gaskiya abu ce mai kyau, ba zan rage mata daraja ba. Daga jikin itace take fitowa. Da asuba ake tsaga ɓawon itacen roba, farin ruwa ya riƙa ɗiga cikin ɗan kofin da aka ɗaura masa. Sai itacen ya shekara 6 zuwa 7 kafin a fara tatsarsa, daga nan a yi ta tatsa shekara 25 ko fiye. Asalinsa dajin Amazon ne a ƙasar Burazil. A 1876 wani Bature mai suna Henry Wickham ya kwashi iri wajen 70,000 ya kai Ingila, daga can aka baza shi zuwa Siri Lanka da Malesiya. Yau Tailan ce kan gaba wajen nomansa a duniya, a Afirka kuma Kodebuwa. Mu ma muna da shi a Edo da Delta da Ondo da Kuros Riba, har da cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Benin. Na kawo miki wannan ne don ki san inda tsadarta ta samo asali. Abin da sai an jira itace shekara bakwai, a tara ruwansa kofi-kofi, galibi ma a sarrafa shi a ƙetare a auno shi a jirgin ruwa, ba zai zo miki a farashin soso ba. Duk wanda ya yi miki tayin ta da araha, ki tsaya ki sake dubawa. Araha ba ta ado.

Mafi yawan katifun da kike gani a babbar kasuwar Birnin Kebbi soso ne da ake haɗawa daga sinadaran man fetur. Wannan ba aibu ba ne, a kansa duk kuka girma. Aibun shi ne a sayar miki da soso da sunan lateks. Akwai kuma lateks ɗin da ba na itace ba, shi ma daga fetur ake yin sa, akwai wanda ake gauraya biyun. Wata katifar kuwa inci 1 ko 2 ne kawai na lateks a sama, duk abin da ke ƙasa soso ne, amma a jikin kwalinta an rubuta suna da manyan baƙaƙe. Hoto ba zai nuna miki ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Don haka sharaɗina na farko, sai an ga cikinta. Katifar kirki tana zuwa da riga mai zif. A zuge a duba. Lateks fari ne mai ɗan ratsin ruwan madara, jikinsa duk ƙananan ramuka a jere, waɗanda ƙusoshin tukunyar da ake gasa shi a ciki suka bari. In aka danna shi da tafin hannu aka ɗaga, nan take yake dawowa, ba ya barin shatin hannu. Ƙanshinsa na danƙo ne kaɗan, ba warin sinadari mai hawa kai ba. Mai kayan da ya hana a zuge zif, ko ya ce tasa a ɗinke take ruf, a yi masa sallama.

Sai nauyi. Katifa shida-da-shida mai kaurin inci 8, in lateks ce zalla, tana kai nauyin buhun shinkafa mai kilo 50, wata ma ta fi. Soso na yau da kullum mai wannan girman da ƙyar yake kai rabin haka. In yaron shago ɗaya ya saɓa ta a ka ya taho yana hira, kin riga kin sami amsa. Sai dai nauyi kaɗai bai isa shaida ba, domin katifar nan mai tauri da ake matse gutsattsarin soso a yi ta, ita ma tana da nauyi. Shi ya sa na fara da zif. A kuma nemi takardar shaida. Akwai wadda ake kira GOLS, ba a ba da ita sai kashi 95 cikin 100 na kayan sun fito daga itacen da aka noma ba da sinadari ba. A duba lambar takardar da sunan masana'antar, kada a tsaya ga tambarin da aka manna a talla.

Za a ce miki akwai Dunlop akwai Talalay. Hanyoyin yi ne guda biyu. Ta farko tun 1929 aka fito da ita a kamfanin Dunlop a Ingila: a kaɗa ruwan ya yi kumfa, a cika tukunya, a gasa. Tana fitowa da ƙarfi da nauyi, ƙasanta ya ɗan fi samanta tauri. Talalay kuwa ba a cika tukunyar, sai a zuƙe iskar ciki kumfar ta bazu, a daskarar da ita da sanyi, sannan a gasa. Ta fi laushi, ta fi tsada. Ni Dunlop zan zaɓa miki. Ɗakin aure ba wurin kwana kaɗai ba ne, a bakin gadon nan za a zauna, yara su hau su yi tsalle, kuma kuɗinta sun fi sauƙi.

Batun tauri ina so ki saurare ni da kyau, domin na san ciwon bayan da kike fama da shi tun kina makaranta. Mutanenmu sun ɗauka in katifa ba ta yi taurin katako ba, ba ta maganin baya. A 2003 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Sifen kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka ga waɗanda suka kwana kan katifa mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi a kan masu kwana kan mai tauri sosai. Ki nemi matsakaiciya. In da hali ki kwanta a kanta a shagon, ki yi rigingine, ki juya gefe, ki ɗan jima. Kada kunya ta hana ki. Kafaɗa da ƙugu su ɗan shiga, tsakiyar baya kuma kada ya rataya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma babu mai talla da zai faɗa miki shi. Lateks ba ta shiri da rana ko kaɗan. Mu kuwa mun gaji shanya katifa tun zamanin ta rimi, irin wadda kakarki ke fitarwa tsakar gida a bubbuga ta da sanda ta sha rana ta tashi. Wannan in aka yi mata haka, rana na cin danƙon, ya bushe, ya fara marmashewa, kuma ba gyara. Kin san ranar Birnin Kebbi a watan Afrilu, zafi na wuce digiri 40. Ranar da yaro ya jiƙa ta, wata mai taya ki aiki za ta ja ta waje da kyakkyawar niyya. Ki gaya wa duk wanda ke shiga ɗakinki. A cire rigar a wanke, wurin da ya jiƙe a goge da ɗan ruwa da sabulu, a sa mata fanka a inuwa. Tun farko ma ki sayi shimfiɗar da ke hana ruwa ratsawa. Ledar da ta zo a ciki kuwa a cire ta, kada a bar ta wai don kada katifa ta tsufa. Gumi take tarawa. Kananzir da ake yayyafawa saboda kuɗin cizo shi ma yana lalata danƙo. Kuma kada wani ya ce miki kuɗin cizo ba ya zama a gadon da ke da lateks. A ɗinkin riga da saƙon katako yake ɓuya, ba ruwansa da abin da ke ciki.

Ta fi wasu katifun shan iska saboda ramukanta, amma ba za ta hana ki jin zafin bazara ba. Daren da aka ɗauke wuta kika fita tsakar gida, tabarma za ki ɗauka, ita ki bar ta a ɗaki.

Zan yi wa kafinta magana da kaina. Gadon ya zama mai sandunan katako a jere, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce inci 3, da ƙarin ƙafa a tsakiya saboda nauyi. Kada a shimfiɗa ta kan siminti, da damina danshi zai taru a ƙarƙashinta ta yi fumfuna. Sannan akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar danƙo, safar hannu irin ta asibiti ma ƙaiƙayi da ƙuraje take sa su. Ke ban taɓa ganin haka gare ki ba. Yayanki ya tambayi shi angon naki.

Ga yadda za a yi. Ki tura wa yayanki adireshin shagon a Legas ya je da ƙafarsa, ya zuge zif, ya ɗaga ya ji nauyi, ya karɓi rasit da garanti a rubuce, ya kuma tambaya lotsawar inci nawa garantin ke ɗauka. In ta cika sharuɗɗan nan, a sayi Dunlop mai inci 6, ta ishe ku, kuma ba sai an taɓa kayan jerenki ba, zan cika daga kuɗin shinkafar rani. A ɗauko ta a naɗe cikin mota, kada a ɗaure ta a saman kaya ta sha rana tun daga Kwantagora har Jega. In kuwa ba ta cika ba, mu je wurin dillalin kamfani a Birnin Kebbi mu zaɓi soso mai nauyi na gaske, ki shiga ɗakinki da shi ba tare da jin an rage miki komai ba.

Ki gaishe da innarki da maigidanta. Mahaifiyarki na cewa ki turo awon labule kafin ranar Juma'a. Allah ya yi miki albarka, ya sa ɗakin zamanki ne.

Wassalam,
Babanki