Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Damagaram

Allah ya ja zamanin Sarki.

Bayan gaisuwa da ban girma, ni malamar makaranta ce a nan Damagaram, 'yan shekara 13 zuwa 17 nake koyarwa, kuma kukansu ne na kawo gabanka.

Akwai wani yaro a ajina mai kaifin basira. Bara da bazara sai ya fara kifa kai a kan tebur tun darasin farko. Na yi faɗa, na yi horo, duk a banza. Ranar da na zaunar da shi a gindin bishiya, ya ce tun ƙarfe uku na dare yake bin layin famfo da jarkoki, mahaifinsa ya tafi cirani, a gida kuma kowa ta kansa yake yi. Ya ce, "Malama, ke kaɗai kika taɓa tambayata abin da ke damuna." Har yau maganar nan tana ci mini rai.

Likitoci sun ce mai irin shekarunsa yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da larurar ƙwaƙwalwa, ciki har da damuwa da fargaba. Mu a nan, idan yarinya ta daina magana, ta ƙaurace wa abinci, sai mu ce iska ce ko taurin kai, alhali wata zancen aurenta ake yi ba a ji ta bakinta ba.

Ranka ya daɗe, kunnen da yaro ya rasa a gida shi yake nema a fadar samari, wajen shayi. Can ana kiran sunansa, ana sauraronsa. Wata fadar ta gyara shi, wata kuma a miƙa masa tramol.

Roƙona shi ne ka tara masu unguwa da limamai, daga Birni da Zango har Sabon Gari da Kara-Kara. Su faɗa wa iyaye a huɗuba cewa ciwon damuwa ciwo ne da ake kai wa asibiti, kuma uba ya riƙa zama da ɗansa yana jin ta bakinsa kafin ya ɗaga bulala. Filayen ƙwallon unguwanni ma a bar wa yara abinsu. Maganar da ta fito daga bakinka iyaye za su ɗauke ta fiye da tawa.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Wata malamar makaranta,
Damagaram