Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Tarukan wata-wata sun gudana, ban da na watan azumi da muka ɗage. Littafin rajista yana hannuna, kuma fuskokin da ake gani su ne dai waɗanda aka saba gani.

Bari in fara da abin da ake ta yi mini ƙorafi a kai, wato rakiyar ma'auratan da ɗayansu ke ɗauke da ƙanjamau zuwa asibiti. Gaskiya ne aikin ya yi sanyi, amma ba sakacin kwamiti ba ne. A watan Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, har da shirin PEPFAR da ke ɗaukar kaso mai tsoka na maganin ƙanjamau a Najeriya. Da aka sassauta, sai aka ce kuɗin PrEP, wato maganin rigakafin kamuwa da ƙanjamau, an taƙaita shi ga masu juna biyu da masu shayarwa kaɗai. Mun sha kai mace har bakin tagar karɓar magani a ce mata ta dawo wani makon. Kowace dawowa kuɗin adaidaita ce, zuwa da komowa, kuma daga aljihun wa? Mai shan wannan magani dole ne a sake masa gwaji duk wata uku, don in ya kamu bai sani ba ya ci gaba da shan na rigakafi kaɗai, ƙwayar cutar na iya bijire wa magani. Saboda haka ba abin da za a ce a bari sai an samu sarari ba ne.

Takardar wayar da kai kuma da aka ce mun binne ta, tana nan a kwamfuta, an gama ta da boko da ajami. Mai bugawa ya ce sai an ba shi kafin alƙalami, asusu kuwa ba ya iya ɗauka.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne taron 1 ga Disamba, Ranar Yaƙi da Ƙanjamau ta Duniya. Mai unguwa, Allah ya ƙara masa girma, ya ba mu ƙofar gidansa. Kujerun da muka yi haya suka ƙare tun kafin la'asar, sai da aka shimfiɗa tabarmi, zoɓon da matan kwamiti suka haɗa ma bai kai ƙarshe ba. Ma'aikaciyar jinyar da muka gayyato ta ɗaga kwalbar maganin sama kowa ya gani, ta ce wannan na mai lafiya ne, ba na mai ɗauke da cuta ba: ƙwaya ɗaya kullum, kuma in an kiyaye shan ta tana rage haɗarin kamuwa ta hanyar saduwa da kusan kashi 99 cikin 100. Ta ƙara da cewa ba ta hana ciwon sanyi, ba ta hana ɗaukar ciki.

Sai wata dattijuwa daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "To 'yar nan, in mijin yana shan nasa, me zai sa a ɗora wa yarinya shan magani lafiyarta ƙalau?" Wuri ya yi tsit. Ma'aikaciyar ta ce, "Iya, nasa maganin yana ɗaukar watanni kafin ya danne ƙwayar har gwaji ya kasa ganin ta. In ya kai nan kuma ya riƙe, ba ya sa mata. Kafin nan fa, ko in yana tsallake sha, wa zai kare ta?" Iya ta gyara mayafi ta ce ta gane. Ni a wurina wannan musayar kaɗai ta biya kuɗin kujeru. Tun da aka sa hannu a dokar gwaji kafin aure a Kano a 2024, irin wannan tambaya ce ke damun iyaye, sai dai kunya ta hana su yi.

An kuma bambance wa jama'a PrEP da PEP, wanda ake farawa cikin awa 72 bayan fyaɗe ko sokewar allura, a sha kwana 28. Matasa suka dage da tambayar allurar lenacapavir ta sau biyu a shekara, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ita a Yulin 2025. Ba mu yi wa kowa alkawari ba. Mun ce kada wanda ya ajiye ƙwayarsa yana jiran allura. Bayan magariba ina naɗe wayar lasifika, wani magidanci ya zo a hankali ya ce, "Malam, ina ake yin gwajin nan ba tare da an sani ba?" Washegari muka tafi tare.

Yanzu maganar kuɗin wata. Akwai waɗanda rabonsu da biya tun kafin babbar sallah, akwai masu ganin kirana su kife waya, amma ranar taro su ne a sahun gaba wajen hoto. Ba na jin daɗin bin dattawa bashi kamar mai adashi. Wanda ba shi da hali ya faɗa wa ma'aji a asirce, ba wanda zai ji. Wanda yake da hali kuma ya kawo nasa kafin taron Janairu, domin ranar za mu yanke ko a buga takardar ko a mayar da abin da ya taru kuɗin adaidaita. Ranar ce kuma zaɓe, kuma ina roƙon a nemo wani ya karɓi wannan littafin.

Wassalam,
Sakatare