A daɓe ramin juji da yumɓu kafin a zuba shara

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahotonku kan tulin shara a Kano, sai na ga duk hankali ya tafi kan kwashewa. Ni damuwata ita ce inda ake jibge ta. Yawancin jujinmu tsofaffin kududdufai ne da aka haƙa don ƙasar gini. Da damina ruwa ya ratsa shara, ya fito baƙi ƙirin yana wari, ɗauke da dalmar tsofaffin batura da dattin asibiti, ya tsiyaye ƙasa. A unguwarmu rijiyar da ke bayan irin wannan rami ta sauya launi, har mata sun daina wanki da ruwanta, balle girki.

Maganin ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya ga yadda ake daɓen ɗaki ya san abin da ƙasa ke yi idan ta sha duka. Yumɓun da aka jiƙa daidai, aka shimfiɗa hawa-hawa aka danne da mota, da ƙyar ruwa ke ratsa shi. A Amurka doka ta tanadi kaurin ƙafa 2, kusan santimita 60, sannan a ɗora leda mai kauri. Sai dai a rufe shi da wuri, domin ranar bazara tana tsattsaga yumɓu.

Ina roƙon REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, kada su amince da sabon juji sai an yi masa wannan daɓe, an sa bututun janye ruwan, kuma a riƙa gwada rijiyoyin maƙwabta duk ƙarshen damina.

Naku,
Mai karatu daga Kano