Ƙurar Zinariya da Haske: Wace Makanta Ake Nufi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in warware wata magana da ta taso a majalisarmu ta unguwar Birni, inda wasu suka ɗauka cewa an samo maganin makanta da zinariya.

Asalin zancen shi ne, a 2015 masu bincike na Jami'ar Shikago ta Amurka, ƙarƙashin Francisco Bezanilla, sun nuna cewa ana iya tayar da ƙwayar jijiya da haske idan aka manna mata ƙurar zinariya mai faɗin nanomita 20, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Da zarar an haska koren hasken leza, zinariyar takan sha hasken ta mayar da shi zafi, wannan zafi na farat ɗaya shi ke sauya yanayin lantarkin da ke fatar ƙwayar, sai ta aika saƙo tamkar jiki ne ya umarce ta. Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne dabarar da suka yi don kada ƙurar ta zame: sun ɗaure ta da wani sinadari mai suna Ts1, wanda asalinsa daga dafin wata kunamar Burazil ne, shi kuma yana kama ƙofofin da sodiyom, wani sinadari da ke cikin gishiri, ke shiga ƙwayar ta cikinsu. Ashe kunamar da muke kakkaɓe takalma dominta tana da ranarta. Dama akwai wata hanyar tayar da jijiya da haske da aka fito da ita a Jami'ar Stanford a 2005, amma ita sai an dasa wa jijiya ƙwayar gado ta gansakuka, ta zinariya kuwa ba ta bukatar haka.

To, ina batun ido? Akwai cututtukan da ke kashe ƙwayoyin da ke karɓar haske a can ƙuryar ido, su bar jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa da ransu, kuma waɗannan jijiyoyi ake fatan tayarwa. A 2025 masu bincike na Jami'ar Brown sun gwada hakan a idon ɓeraye, ba na mutane ba.

Makantar da muka fi sani a Damagaram daban take. Yanar ido dushewar madubin ido ce, kuma ana cire ta da ɗan gajeren aiki a asibiti. Amosanin ido kuwa ƙwayar cuta ke kawo shi, ana tare shi da wanke fuska da magani, in gashin ido ya juya ciki a yi aikin fatar ido. Hawan jinin ido ma, jijiyar da ake son tayarwa ita yake kashewa, don haka zinariya ba ta da abin kamawa. Ina roƙon ku, duk ranar da za ku buga irin wannan labari, ku faɗi cutar da ake nufi da dabbar da aka gwada a kanta, kada dattijo mai yana ya fasa zuwa asibiti yana jiran zinariya.

Naku,
Wani malamin kimiyya mai ritaya,
Birni, Damagaram