Wendie Renard ta wuce a tuna da ita da fenareti ɗaya

Assalamu alaikum Edita,

Muna roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin mu yi magana kan wata 'yar wasan baya ta Faransa, Wendie Renard. A gidajen kallon ƙwallo na Jos, daga Bauchi Road har Unguwar Rogo, in aka ambaci sunanta abu ɗaya ke faɗo wa mutane: fenaretin da ta ci Super Falcons a gasar cin kofin duniya ta mata a Rennes ranar 17 ga Yuni, 2019.

Haushin yana da dalili. Bugunta na farko ya daki turke ya fita. Na'urar VAR ta nuna golar Najeriya Chiamaka Nnadozie ta bar layi kafin a buga, aka ba ta katin gargaɗi, aka maimaita, Renard ta ci a minti na 79, alhali an riga an kori 'yar bayan Najeriya Ngozi Ebere. Dokar da ta fara aiki a watan ta ce dole gola ya bar ko da ɓangaren ƙafa ɗaya a kan layi. A 2020 aka gyara ta: in ƙwallo ta fita ko ta daki turke, ba a maimaitawa sai in motsin golan ne ya rikita mai bugu a fili. Da gyaran ya riga wasan, da wuya a sake bugun nan. Amma masu horar da 'yan matanmu za su yi asara in haushi ya hana su nazarin wannan mata.

An haife ta a 1990 a tsibirin Martinique. Tana matashiya ta je gwaji a cibiyar horo ta Clairefontaine, ba a ɗauke ta ba. Ta hau jirgin ƙasa zuwa Lyon a 2006, kulob ɗin ya riƙe ta, ita ma ta riƙe shi. Da ita Lyon ta ɗauki kofin lig sau 14 a jere, daga 2007 zuwa 2020, da kofin zakarun Turai sau 8: 2011, 2012, daga 2016 zuwa 2020, sai 2022. A wasan ƙarshe na 2011 da Turbine Potsdam a Landan ita ta fara zura ƙwallo. A 2022 ta zama mace ta farko da ta buga wasa 100 a gasar.

Mai tsaron baya ce, amma ta ci wa Faransa ƙwallo sama da 30. Biyu da ka a ragar Koriya ta Kudu a wasan buɗe gasar duniya ta 2019, ɗaya a ragar Amurka, sai wadda ta kayar da Brazil 2-1 a Brisbane a 2023. Mutane kan ce tsawo ne. Gaskiya tana da mita 1.87, sai dai dogaye nawa ke filayenmu da kwana goma za ta wuce ba su taɓa ƙwallo ba?

Ga yadda aikin yake. Ba ta tsayawa a inda ƙwallo za ta sauka. Tana farawa daga wajen ɗigon fenareti, mita 11 daga raga, ko bayansa kaɗan, ta bar wurin da take nufi fayau. Abokan wasa ɗaya ko biyu su ruga turken kusa su janye masu gadi, wata ta tsaya a hanyar mai riƙe da ita ba tare da tura ta ba. Sai ƙafar mai bugu ta taɓa ƙwallo sannan ta taso, taku uku ko huɗu, ta yi tsalle da gudunta. Wadda ta zo da gudu kullum tana fin wadda ta yi tsalle daga tsaye. Da goshi take duka, ido a buɗe, wuya a ƙage, ƙarfin yana fitowa daga ƙugu, kuma ƙasa take nufa da ita, don ƙwallon da ta daki ƙasa a gaban gola ta fi wuyar kamu. A wasan Brazil turken nesa ta zagaya, masu gadi suna kallon ƙwallo sun manta da mutum.

Kurakuran da ake gani a wasannin 'yan mata a nan uku ne, kuma kullum su ne. Yarinya ta taso da wuri, sai ta tsaya tana jiran ƙwallo, gudun ya tashi a banza. Ko ta rufe ido, ƙwallo ta same ta a tsakar ka ta yi sama. Mafi muni shi ne mai bugun kwanar, wadda kowane bugu da inda yake faɗawa. In babu mai iya sauke ƙwallo takwas cikin goma tsakanin layin mita 5.5 da ɗigon fenareti, to horon ka ɓata lokaci ne. A fara gyara ƙafar mai bugu tukuna. Minti 15 a ƙarshen atisaye, sau biyu a mako, ya isa, a kuma taƙaita yawan sa kan da kowace yarinya ke yi. Ƙananan yara kuwa a ƙyale su: tun 2015 Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa ka.

Tana da rauninta. Doguwa ba ta juyawa da sauri, don haka in 'yan baya suka matso tsakiya dole a haɗa ta da mai gudu da za ta share bayanta. Cin gidan da ta yi a wasan Norway a 2019 darasi ne na daban: ƙwallo ta ratso gaban raga, babu abokiyar hamayya a kusa, ta sa ƙafa tana fuskantar ragarta. Kalma ɗaya daga gola, "bari", da ta wadatar. Golan da ba ta magana tana jefa 'yan bayanta cikin irin wannan.

Abin da ke ba mu tausayi shi ne tarihinta a tawagar ƙasa. Ta fara bugawa a 2011, ta buga sama da wasa 160, babu babban kofi ko ɗaya: na huɗu a gasar duniya ta 2011, na huɗu a Olamfik ta 2012, wasan kusa da na ƙarshe a gasar Turai ta 2022. An ba ta kyaftin a 2013, koci Corinne Diacre ta karɓe a 2017, ta mayar mata a 2021. A Fabrairun 2023 Renard ta janye daga tawagar saboda yadda ake tafiyar da ita, Kadidiatou Diani da Marie-Antoinette Katoto suka bi ta, hukumar ƙwallon Faransa ta sallami Diacre a Maris. Aka kawo Hervé Renard, wanda ya ci kofin Afirka da Zambiya a 2012 da Kwaddebuwa a 2015 (suna ne kawai ya zo ɗaya, ba dangi ba ne), ta dawo. A 2025 sabon koci Laurent Bonadei ya bar ta a gida lokacin gasar Turai, Jamus ta fitar da Faransa a kwata fainal da bugun fenareti. A ganinmu barinta kuskure ne, domin a wasan da ya cije kwana ɗaya ke raba gardama.

Edita, muna roƙon shafinku na wasanni ya riƙa kawo rahoton gasar mata ta Najeriya, ya kuma faɗi yadda aka ci kowace ƙwallo, daga kwana ce ko daga bugun tazara, da wadda ta bugo ta.

Naku,
Wasu masu horar da ƙwallon 'yan mata, Jos, Jihar Filato