Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Girma Gwamnan Kano: Kada A Zaftare Kason Takardun Tarihi

Mai Girma Gwamna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya yi riƙo da hannunka, na rubuto ne a kan wani ɓangare da ba shi da uwa a gindin murhu: wuraren ajiyar takardun gwamnati da na tarihi. Duk sanda aka ce a tsuke bakin aljihu, irin waɗannan wurare ake fara waiwaya, tunda takarda ba ta zanga-zanga, ba ta kuma jefa ƙuri'a. Roƙona shi ne a kasafin kuɗin da ke tafe a bar musu kasonsu cif, abin da aka rubuta musu kuma a sake shi a kan kari.

Ranka ya daɗe, da yawa sun ɗauka wannan harka ta 'yan jami'a ce masu neman digiri. Talaka ne ya fi kowa buƙatarta. Matar da mijinta ya rasu tana bin garatutinsa, in aka ce mata ba a ga fayil ba, shi ke nan, haƙƙin marayu ya maƙale. Magadan da ke jayayya a kan gonar da aka yi cinikinta tun zamanin En'e, shaidun duk sun kwanta dama, saura rijistar alƙali kaɗai. Mai hali zai ɗauki lauya ya nemi wata hanya. Wanda ba shi da kowa, wannan tsohuwar takardar ce gatansa. Mun kuma ga abin da ya faru ranar 1 ga Agustan 2024, da ɓata-gari suka afka wa Babbar Kotun Jiha suka yi awon gaba da takardu. Duk takardar da ba ta da kwafi a wani wurin, rana ɗaya ta isa ta shafe ta.

Sannan Kano ba garin da za a yi wa rubutu riƙon sakainar kashi ba ne. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) Shehu Maghili ya zauna a nan ya rubuta wa sarki nasiha a kan yadda ake mulki. Littafin Tarihin Kano, wanda Baturen mulkin mallaka H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, har yau shi masana a duniya ke buɗewa in za su yi maganar sarakunan ƙasar Hausa tun daga Bagauda. A Nasarawa, Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, gidansa kuma yana hannun Hukumar Tarihi da Raya Al'adu ta jiharmu. Ga Gidan Makama, ga Gidan Mambayya, wato gidan Malam Aminu Kano, a Gwammaja, ga Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad. Banda abin da ke cikin gafakokin malamai a zaurukan cikin birni, na Larabci da na ajami, waɗanda jikoki da yawa ba su san darajarsu ba sai wani baƙo ya zo ya taya.

Abin da ya bambanta wannan ɓangare da sauran shi ne ba ya jira. Titin da aka ɗage aikinsa bana, a yi shi baɗi. Amma in aka fasa feshin gara shekara guda, ko aka bar rufi yana yoyo damina ɗaya, abin da ya lalace ya tafi kenan, ko tiriliyan aka ware daga baya. Zafin bazararmu yana busar da takarda har ta dinga karyewa a hannu, ƙurar hunturu ta shige ta, danshin Agusta ya kawo mata fumfuna. Maganin duka bai taka kara ya karya ba: feshi a kan lokaci, rufi mai kyau, kantocin ƙarfe, akwatunan ajiya, na'urar kashe gobara, da wutar sola. In aka auna da kuɗin gadar sama ɗaya, wannan ko canji bai kai ba.

Na san za a ce ai zamani ya zo, a zuba komai a kwamfuta. Madalla, a yi. Sai dai hoton takarda ma yana son mai kula da shi, kuma ba hujja ba ce ta yin watsi da ta ainihi. A fara da waɗanda suka fi kusa da halaka: tsofaffin kaset-kaset na Rediyon Kano da na CTV (ARTV a yanzu), da jaridun Triumph, Albishir da Alfijir ta ajami. Haka kuma fayilolin lardin Kano na zamanin Turawa suna ma'adanar ƙasa da ke Kaduna. Me zai hana jiha ta nemi kwafinsu, ɗalibinmu ya huta da hawa mota?

Abin da ya fi damuna ma mutane ne. Ma'aikacin da ya iya karanta rubutun muhutin kotu na da, ya san kuma inda kowane kundi yake, ba a yin sa a wata uku. In ya yi ritaya ba a ɗauki matashin da zai koya a hannunsa ba, takardun na nan amma babu mai gane kansu. Ga Jami'ar Bayero tana yaye masu digirin Tarihi da Larabci da aikin laburare kowace shekara. A ɗauki ko kaɗan ne daga cikinsu.

A 2024 ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Ina ganin waɗannan ɗakuna su ma suna cikinta. Gani ya kori ji, Ranka ya daɗe: kafin a kai kasafin gaban Majalisa, ka ware rabin yini ka zaga su ba tare da sanarwa ba, ka sa a buɗe maka akwatunan, ka kuma tambayi ma'aikatan nawa ne ya shigo hannunsu daga abin da aka rubuta musu bara.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Cikin birnin Kano.